Kyandirin Tanti Saveta

"Ba haka ba, Viorica! Sarmale kike naɗewa ko matashin kai?"

Tanti Saveta, wato Inna Saveta, ta fizge ganyen kabejin da nake naɗe nama a ciki daga hannuna, ta warware shi, ta rage naman, ta sake naɗewa da yatsu uku. Shekara tara ina aiki da ita a madafar makarantar mishan, gidana kuma shinge ɗaya ne da nata, amma ban taɓa naɗa guda ɗaya ta ce ya yi ba. Ranar Laraba ce, jibi Juma'a walimar Kirsimeti ta yara, ga guda ɗari biyar suna jiran mu.

"Ɗanɗana gishirin," ta ce, ta turo mini kwanon. Tana azumin nama na kwana arba'in irin na tsohuwar coci, don haka ni ce harshenta. Na ɗanɗana na ce ya ji. Ta ƙara rabin cokali, kamar kullum.

Tana cikin juyawa sai na ga ta saki cokalin. Ta lallaɓa ta zauna kan buhun dankali, ta dafe ƙirji, leɓɓanta sun yi duhu. Na yi wajen ƙofa zan kira Fasto, ta kamo rigata.

"Zauna, ke dai kin fiye ɗaga hankali. Yanzu zai wuce."

Ya wuce ɗin. Amma tun lokacin kaka likitan birni ya gaya mata zuciyar ta gaji, ya ce ta koma gida ta kwanta. Ita kuwa kullum kafin ƙarfe bakwai tana bakin makaranta, ta ratso dusar ƙanƙara da sandarta. Malamai suna ta yaba mata, ni ma haka, kuma ta cancanta. Yara tamanin da huɗu ne a makarantar, yawancinsu iyayen suna Italiya ko Sifen wajen aiki, kakanni ke riƙon su. Tanti ta san wanda bai karya ba daga yadda ya riƙe cokali.

"Tanti, don Allah ki huta a gida," na ce. "Ni zan ƙarasa."

"In huta da wa? Ɗana Mitica yana Sifen, sai Ista in ya samu hutu. Layinmu duk sun mutu ko sun tafi, saura ku tubabbu." Ta ja numfashi. "A gida ba mutum, a nan ba kyandir. To na zaɓi inda mutum yake."

Ta sa hannu a aljihun rigar girkinta ta ciro kyandir siriri na kakin zuma, naɗe da ƙyalle, ta danƙa mini.

"Idan lokacin ya zo ba zan iya kunnawa da kaina ba. Ki sa mini a hannu, ki riƙe hannun. Shi ke nan abin da nake roƙon ki, 'yata."

Duk ƙauyenmu an san abin da ke zuciyarta. Mijinta Costache itace ne ya danne shi a daji shekara talatin da suka wuce, sai washegari aka same shi. Ya tafi ba haske, in ji tsofaffi, wanda ya tafi haka kuwa lalube zai yi ta yi a can. Tun daga ranar, duk gidan da aka ce wani na jan rai, Tanti Saveta ce ke fara isa da kyandir a aljihu. Ita ta riƙe wa mahaifiyata. Abin da take tsoro a duniya ɗaya ne, ta tafi yadda Costache ya tafi.

Ni kuwa shekara goma sha biyar ke nan da aka yi mini baftisma a rafi, na sauke hotunan tsarkaka daga bango, na bar kyandir. Tubabbu, haka ƙauye ke kiran mu 'yan Baftis. Fasto Emanoil, wanda ya buɗe makarantar a tsohon rumbun gonar gwamnati, ya sha faɗa a wa'azi cewa mai bi ba ya bukatar kakin zuma kafin ya ga hanya. Na gaskata haka, har gobe kuma na gaskata. Shi da Tanti kuwa kullum suna cikin tsiya. In ya leƙo madafa ya tarar tana yi wa tukunya alamar gicciye, sai ya ce, "Tanti, yaushe za ki tuba?" Ita kuma ta ce, "Ranar da ka iya hura murhu, Malam Fasto."

Na karɓi kyandirin, ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Da na koma gida na ajiye shi saman kabad, bayan gwangwanin fulawa. Gaskiyar magana kunya nake ji. Ina tunanin ya faɗo daga aljihuna a gaban matan cocinmu, a ce Viorica ta koma gidan jiya.

Ranar Alhamis muna kwaɓin burodin biki, ta tambaye ni ba tare da ta ɗago kai ba.

"Yana jikinki?"

"Yana nan," na ce.

"To madalla. Murza da ƙarfi, ba jariri kike yi wa wanka ba."

Ranar Juma'a gari ya waye da dusar ƙanƙara har gwiwa. A keken doki aka kawo Tanti tare da yaran ƙetaren rafi, tana zaune a tsakiyarsu tana yi musu faɗan hula. Muka zaunar da ita a kujera kusa da murhu, daga nan take mulkinta. Wannan tukunyar a rage mata wuta. Yaran gidan Nea Toader a zuba musu bibbiyu, kakarsu ba ta da lafiya. Kada a yanka burodin da zafinsa.

Wajen sha biyun rana kowa ya tattara a babban ɗaki, yara suka fara waƙoƙin Kirsimeti. Bango ɗaya ne tsakaninmu, muna jin su sarai. Ina tsame sarmale daga tukunya na ji ta kira sunana, ba da muryar faɗa ba. Na juya. Kanta ya jingina da bango, gumi ya keto mata, hannunta na dama a buɗe kan cinya.

"Kawo," ta ce.

Na shafa aljihu kamar ban san babu ba. Daga makaranta zuwa gidana minti ashirin ne ranar da hanya ke da kyau. Fada Gherasim, limamin tsohuwar coci da ba ya rasa kyandir, yana riƙe da ƙauyuka uku, kuma tun safe ya tafi jana'iza a na ukun. Na buga wa masu motar asibiti waya, suka ce an toshe hanya, sai an share, awa ɗaya ko fiye.

"Viorica."

"Tanti, na bar shi a gida."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage nin. Ta dai dube ni, sannan ta mayar da idonta kan tafin hannunta. Tsohuwar da ba ta tsoron kare, ba ta tsoron ɗan sanda, na ga haɓarta tana rawa.

Na hau zazzage durowa kamar mahaukaciya. Cokula, zare, murfin kwalba. Wa zai ajiye kyandir a makarantar tubabbu? Can ƙarshen durowa ta uku na taɓa wani ɗan kwali. Ƙananan kyandir ne na kek, waɗanda muke kafawa in wani yaro ya cika shekara, masu ruwan hoda, kowane bai fi ɗan yatsa ba. Guda goma sha biyu. Na ƙyasta ashana, na sa mata ɗaya tsakanin yatsu, na rufe hannunta da nawa.

Ta buɗe ido ta kalle shi.

"Shekara saba'in da takwas," ta ce da ƙyar, "kin ba ni na shekara ɗaya."

Ina dariya ina hawaye. Amma abin ba na dariya ba ne, domin ɗan kyandirin yana narkewa kamar man shanu a kasko. Kafin in ankara ya kai rabi. Hannuna biyu suna kan nata, in na saki zai faɗi, ga kwalin can kan tebur.

Ƙofa ta buɗe. Fasto Emanoil ne, sanye da kwat ɗinsa na Lahadi.

"'Yar'uwa Viorica, a fara kawo abin..."

Ya tsaya. Ya dubi Tanti, ya dubi wutar, ya dube ni. Ni dai na riga na gama da kunya.

"Ɗan'uwa Emanoil, wannan ya kusa ƙarewa," na ce. "Ga sauran can."

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a tsaye ba, a wajena dai ya daɗe. Sannan ya tura ƙofar da baya don kada iska ta shigo, ya ɗauki kwalin, ya durƙusa kan siminti da wandonsa mai guga. Ya zaro ɗaya, ya kunna shi daga na hannunta, ya cusa mata a yatsu kafin ya zare guntun.

"Malam Fasto," Tanti ta ce, "ashe ka iya wuta."

"Ina koyo, Tanti."

"Zai kai ni kuwa, ɗan wannan abu?"

"Akwai wasu. Kada ki damu, ba zai mutu ba."

Daga nan ba ta ƙara magana ba. Ya fara karanta mata Zabura da ka, a hankali, idonsa a kan wutar. Da ɗaya ya yi ƙasa sai ya kunna wani. Na huɗu, na biyar. Kakin yana ɗiga mana a yatsu, da zafi, ba wanda ya motsa. A can ɗakin yara sun gama waƙa an yi tafi, malama ta ga shiru ba abinci, ta sa su sake daga farko. Ni kuwa ina satar kallon kwalin, ina roƙon Allah abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba, kada su ƙare kafin ita.

Numfashinta ya riƙa yin nisa da juna. A kyandir na tara ta ja numfashi mai tsawo, ta sauke. Muka jira na gaba, bai zo ba.

Fasto ya sa hannu ya rufe mata ido. Na ɗaga kai na ce, "In hure?"

Ya girgiza kai. Muka zauna a durƙushe, tukwane suna ta tururi a bayanmu, yara suna waƙa. Ɗan kyandirin ya ci gaba da ci a hannunta, wutarsa a miƙe, har ta sauko dab da yatsunmu.