Sunan Sikade a Bango

In kana neman mutumin da ya fi faston cocinsu tsarki, to ka nemi Barnabas Ndima. Shi ne shugaban Ƙungiyar Shuɗin Ƙyalle a garinmu na bakin kogin Keiskama, masu rantsuwar ba su ba giya har abada. Ƙyallen da kowa ke maƙalawa a ƙirji bai wuce ɗan yatsa ba, nasa kuwa ya kai tafin hannu, wai kada mala'iku su yi kuskure.

Nowinile tana cikin ƙungiyar, amma ba don waƙoƙinsu ba. Mashayar Baturen da ke mararraba ta cinye mata miji. Mijin nata, Sikade, manomi ne na ji da faɗi, sai barandi ta mayar da shi abin da kare ba zai shinshina ba. Ana haka doka ta zo: in fiye da rabin masu ƙuri'a suka sa hannu a takardar koke, majistare ba zai sabunta lasin mashayar ba. Mata ba su da ƙuri'a. Su dai nasu dukan ne da kukan. Ƙuri'a ta namiji ce mai gona, wanda zai iya rubuta sunansa da hannunsa.

Sikade na da gona, ya kuma taɓa zama a aji. Hannun ne ya ƙi, sai rawa kamar na tsohuwa a kan tankaɗe.

"Baban Tozama," ta ce da shi wata safiya, "suna ɗaya ya rage wa ƙungiya a takardar koke. Ɗaya tak."

"Nawa?" Ya yi dariya. "Ni da ke riƙe da rufin mashayar?"

"Naka fa. Kai ka fi kowa sanin abin da ke cikinta."

Ya daɗe yana kallon hannunsa. "In suka rufe ta, ba ni da inda zan je," ya ce. "Wataƙila shi ne maganina."

Kwana tara bai ɗanɗana ba. Ya yi amai, ya yi gumi, ya zagi kowa har akuya. Kullum ya ɗauki gawayi ya yi ta rubuta sunansa a bangon ɗaki. Na farkon kamar kaza ta bi ta kan toka. Na ranar tara kuwa tsaf, ko malamin makaranta sai haka. Nowinile ta juya baya ta yi kukanta na daɗi.

Ranar ƙarshe ta miƙa takarda ya sa tsohon kwat ɗinsa, suka nufi coci. Barnabas na zaune da takardar a gabansa, ya dafa ta da hannu biyu kamar za a sace.

"Tata," in ji Nowinile, wato Baba a yaren garinmu, "ga mai gidana ya zo sa hannu."

Barnabas ya dubi Sikade sama da ƙasa, ya ɗan toshe hanci, alhali babu abin da ke tashi sai sabulu.

"Ya yi rantsuwa?"

"Zan yi yanzu," in ji Sikade.

"Yanzu? Kasuwa ce? Sai ka tsaya gaban jama'a ka lissafa zunubanka, ka yi wata uku muna lura da kai, sannan ƙyalle."

"Tata, ba ƙyalle ya zo nema ba," in ji Nowinile. "Doka ba ta ce sai ɗan ƙungiya ba. Mai ƙuri'a ta ce. Gobe za a ƙirga!"

"'Yar'uwa, kina so Turawa su ga sunan mashayi kusa da nawa? Su ce ga abin da muka tara? Wannan takarda ta masu tsabta ce. Ubangiji zai kawo na cikon."

Ana ga yaƙi yana ga ƙura! Ubangiji ya kawo na cikon har gaban teburinsa, da kwat da komai, sakaran ya ninke takarda ya sa aljihu. Dattawan da ke gefe suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Sikade bai yi faɗa ba. Ya sa hularsa ya ce, "Na gode, Tata." Hanyar gida kuwa ta mararraba take bi.

Majistare ya ƙirga, suna ɗaya ya gaza, ya buga hatimi. Mashaya ta samu wata shekara. Ranar Lahadi Barnabas ya yi jawabi mai tsawo, wai an ka da su amma takardarsu ta dawo ba ɗigon datti. Har da tafi.

Washegari ya zo yi wa Nowinile nasihar haƙuri. Sikade na kwance a buge a bakin ƙofa, sai da ya tsallake shi, yana tattare ƙafar wando. Idonsa ya sauka a bango.

"Wannan wace irin ƙazanta ce a gidan 'yar ƙungiya? A shafe da farar ƙasa."

Nowinile ta cire ƙyallenta ta ajiye masa a kan gwiwa.

"Suna ɗaya kuka rasa, Tata," ta ce. "Ga arba'in nan. Zaɓi wanda ya fi tsabta."