Furen Kabewa Uku

Tokiko tana durƙushe a bakin ƙofa, goshinta ya kusa taɓa tabarma, tana yi wa baƙuwa maraba, amma hankalinta yana can bayan gida. Rana ta fara leƙowa ta bayan dutse, furen kabewa kuwa da sassafe yake buɗewa.

Baƙuwar mai ɗaukar hoto ce daga wata mujalla ta Tokyo. Norihiko ne ya gayyato ta, mijin 'yar Tokiko, wanda ya ajiye aikin ofis bara ya dawo ƙauye wai shi manomi. Yau har da ɗaura ƙyalle a goshi irin na mutanen da, sabo fil, ko zufa bai taɓa sha ba. Tafin hannunsa kuwa laushi kamar na mai jego.

"Mama, a ɗora mana shayi," in ji shi. "Bari in zaga da ita gona kafin rana ta yi ƙarfi."

Ba a barin baƙo da busasshen maƙogwaro a gidan nan, don haka ta shiga kicin tana cizon leɓe.

Kabewar gidansu baƙa ce mai kurji-kurji, babu irinta a duk kwarin. Uwar mijinta ce ta damƙa mata irin a ƙullin tsumma ranar da ta tare, ita ma daga tata surukar ta karɓa. Guguwar bara ta share gonar, ƙwaya bakwai kacal ta rage. Ta shuka duka, biyu suka rayu, sai yanzu a ƙarshen damina suka fid da fure uku masu 'ya'ya. Duk wanda ya biyo bayansu, sanyi zai kashe shi kafin ya nuna. Ga maƙwabcinsu tsoho Genzo ya cika gonarsa da kabewar kamfani. Shi ya sa jiya da yamma ta ɗaure bakin kowane fure da karan shinkafa, don kada ƙudan zuma ya kwaso garin furen Genzo ya gurɓata mata iri. Da safe ita za ta kwance da hannunta, ta shafa musu garin furen gida, ta sake ɗaurewa. Ta faɗa wa Norihiko wannan ya fi sau goma, kullum yana gyaɗa kai yana latsa waya.

Da ta fito da faranti, tun daga nesa ta hango rawaya. Furannin uku a wangale, karan shinkafa a ƙasa, ƙudan zuma na shiga suna fita, ƙafafunsu buɗu-buɗu da gari.

"Mama, zo ki ga kyau!" Norihiko ya ɗaga mata hannu. "Na ɗan kwance su ne, a ɗaure ba sa fitowa a hoto. Minti goma ne kawai, yanzu zan mayar."

"Kai, abin sha'awa!" in ji baƙuwar, idonta a jikin kyamara. "Noman gargajiya ke nan, mutum bai sa hannu ba."

Genzo yana jingine da shinge, sigari a baki, yana dariya da haƙoransa huɗu. "Tokiko, barka! Ashe yau muka zama surukai? Ai da kin faɗa, da na sa rigar kirki."

Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Shekara hamsin tana riga ƙudan zuma tashi, yau wani mai ƙyalle a goshi ya buɗe musu ƙofa saboda hoto. Amma ba a zagin suruki a gaban baƙo. Ta rusuna, ta ce, "Ku shiga daga ciki, shayin zai huce."

Ta tsaya ita kaɗai a cikin yaɗon kabewar. Tana iya yin shiru. Kabewa za ta fito, a cire iri, Norihiko ya zuba a takardun da ya riga ya bugo da sunan gidan, ya sayar wa mutanen birni waɗanda ba su san bambancin kabewa da duma ba. Babu mai ganewa sai ita. Ta ciro almakashi daga aljihun rigarta, ta yanke furannin duka uku, kowanne da 'yar kabewarsa a gindi.

A kicin ta tsoma su a ƙullun fulawa, ta soya. Ɗaya ta ajiye a gaban hoton marigayiya uwar mijinta, inda take kunna turare kowace safiya, ta haɗa hannuwa ta nemi gafara. Biyun ta kai wa masu shan shayi, ta durƙusa ta tura musu da hannu biyu.

"Ba wani abin kirki ba ne, a yi haƙuri."

Norihiko ya jefa nasa a baki gaba ɗaya. Ya lumshe ido. "Kai! Ashe ana cin furen? Mama, ai wannan kasuwa ce kika ɓoye mana. Baɗi kunya goma za mu shuka."

Tokiko ta ƙara wa baƙuwa shayi, ta goge gindin butar, ta ajiye.

"Da wane iri?" ta ce.

Ya daina tauna. Ya juya ya dubi gona ta buɗaɗɗiyar ƙofa, har yanzu da sauran fulawa a leɓensa.