Ɓeran da Aka Kawo wa Toka

Tun ranar da aka kwantar da Yaya a asibiti za a yi mata aikin ido, Auta ta kasa zama waje ɗaya. Ba aikin ne ya hana ta sakat ba, likita ya ce abu ne mai sauƙi. Kyanwa ce. Yaya ta bar mata amanar Toka, Toka kuwa ta ƙi cin abinci.

Wanda bai san Yaya ba zai ce duk wannan a kan kyanwa? Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, Toka ce mai tarbarta a bakin ƙofa. Ba ta taɓa ba ta dafaffen abu ba. Ɗanyar hanta da zuciyar kaza take yanka mata da almakashi, ta riƙe a tafin hannu har sanyin firiji ya fita, sannan ta miƙa. Auta ta sha yi mata tsiya, tana cewa ko uwar miji ba a yi wa wannan hidima.

To yanzu ga Auta durƙushe a kicin da almakashi, tana kawar da hanci. Ta yanka, ta ɗumama, ta miƙa. Toka ta shinshina, ta kalle ta sama da ƙasa, ta koma ƙarƙashin keken ɗinki ta kwanta. Auta ta canza kwano, ta canza mahauci, har zanen Yaya ta ɗaura ko ƙamshin zai yaudare ta, duk a banza. Ta zauna ɗinki ta haɗa hannun riga a baibai, ta farke, ta tashi ta leƙa, ta dawo. Haƙarƙarin kyanwar ya fara fitowa.

Kullum sai Yaya ta sa nas ta kira mata waya.

"Auta, ta ci?"

"Tana ɗan taɓawa, Yaya. Ki kwantar da hankalinki."

Auta ta ajiye wayar. Ba ta saba yi wa Yaya ƙarya ba, ita ce ta goya ta.

Mijin Auta direba ne, mutumin kirki, sai dai duk abin da ya gani a waya ya zama karatu. Ya dawo da rana ya tarar da ita tana lallashin kyanwa.

"Ku ne kuka lalata ta," in ji shi. "Na ga wani yana bayani, kyanwa ba ta son abin da ya riga ya mutu. Mai motsi take so, ta kama da kanta."

"Baban yara, wannan ko ɓera ba ta taɓa gani ba."

"Ai shi ya sa. Bar ni da ita."

Da ba ta gaji ba, da ta hana. Amma ta gaji, kuma tsoro ya cika ta. Kafin la'asar sai ga shi da bokiti an rufe da faranti, yana ta washe baki.

"Bayan shagon kayan abinci na same shi. Ko gudu bai yi ba, da hannu na ɗauka."

Aka kai Toka banɗaki, aka ja ƙofa saura kaɗan, aka kifar da bokitin. Ɓeran ya fito yana tangaɗi. Toka ta yi tsam, kunnuwanta suka miƙe, ta lafe a ƙasa tana karkaɗa bindi. Auta ba ta ga lokacin da ta yi tsalle ba, ƙarar ƙashi kawai ta ji. Daɗi ya kama ta. Ta kira asibiti da kanta ta ce wa Yaya yau Toka ta ci ta ƙoshi, ba ta faɗi me ta ci ba.

Washegari da safe ta tarar da amai a bakin ƙofa. Toka na kwance, yawu na zuba, in ta miƙe sai ƙafafun baya su ƙi. Auta ta ce ƙila baƙon abinci ne, ta yafa mayafi ta tafi sayo madara. Mai shago yana ƙulla mata leda ya ce, "Af, maman yara, ki hana su wasa a bayan nan. Ɓeraye sun addabe ni, na zuba musu magani."

A nan ta bar madarar.

A tasi ta rungume kwandon da ta sa Toka a cinya, kowace danja sai ta ji kamar ta sauka ta ruga da ƙafa. Likitan dabbobi ya tambayi abin da aka ba ta, ta faɗa. Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya yi allura, ya sa ruwa, ya ce a jira. Auta ta jira a tsaye, ta kai bango ta dawo, ta kai ta dawo. Kafin azahar ya fito ya ce ta yi haƙuri.

Ranar ce kuma aka sallami Yaya. A hanyar asibiti mijin Auta ya ce a hankali, "Akwai wata mai irin launinta a garejinmu. Tunda ba ta gani sosai tukuna..."

"Ido aka yi wa aiki, baban yara, ba hannu ba. Tana shafa ta za ta sani."

Suka tarar da Yaya zaune a bakin gado, ido ɗaya a rufe da bandeji, jakarta a shirye. Auta ta durƙusa a gabanta ta kama gwiwoyinta, ta faɗi komai, har da ƙaryar waya. Direba ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, yana cewa laifinsa ne.

 Hannun Yaya na kan cinya, yana shafa zane a hankali.

"Da ransa kuka ba ta?"

"Da ransa, Yaya."

"Ita ta kama? Ba ku riƙe mata ba?"

"Ita ta kama. Tsalle ɗaya."

"Ashe ta iya," in ji Yaya. "Ni ban taɓa bari ta gwada ba."

Nas ta leƙo ta ce kada a bari ta yi kuka, ɗinkin ɗanye ne. Yaya ta gyaɗa kai, ta ɗaga fuska sama, ta lalubi kafaɗar Auta ta miƙe.

"Ku kai ni gidanku," ta ce. "Ba zan iya buɗe ƙofar can yau ba."