Ƙishirwar Dorina

Da hantsi sojoji suka jawo motar da kamiyo, babbar motar kaya, suka kwance igiyar a ƙofar garajin Issoufou da ke bayan Babbar Kasuwa. Bai ko duba lambarta ba. Duk Yamai babu irinta: baƙa, doguwa, ƙofa biyu, inji mai silinda takwas, ƙirar Amurka. Wani depite ne, ɗan majalisa, ya saye ta hannun Baturen haƙar rijiyoyi, mutanen gari suka sa mata Dorina saboda faɗin hancinta da gurnaninta. Hamidu, ƙanen Issoufou, shi ne shofer ɗinta, mai tuƙa ta. Tun safiyar da soji suka karɓi mulki ba a sake ganin depite ba, ba a kuma sake ganin Hamidu ba.

Raliya, matar Hamidu, kullum sai ta kai tuwo ƙofar bariki. Sojan bakin ƙofa ya karɓa, washegari ya mayar mata da kwano wankakke. Da wannan kwanon take kafa hujja cewa mijinta na da rai.

Kapiten ɗin da ya zo tare da motar siriri ne, mai baƙin tabarau. Ya ce ranar da suka ƙwace ta ta mace musu a kan hanyar Walam, tana tururi, suka bar ta nan cikin rana har aka samu kamiyon da zai jawo ta. Yanzu kuma tasa ce, yana son ta tashi.

Issoufou ya ce, "Mon kapiten, wanda ke tuƙa ta ƙanena ne."

Kapiten ya daɗe yana kallonsa ta cikin tabarau. "Ka tada ta," in ji shi. "In ta tashi sai mu yi maganar ƙanenka."

Ya miƙa makulli guda, na kontak mai tada inji, ya tafi.

Ciwon bai ɓuya ba. Famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji ne ya mutu, irin wanda bel ke juyawa daga jikin injin. Jikinsa ya tsage, fikafikansa sun kakkarye. Issoufou ya bi masu piyes, wato kayan gyaran mota, rumfa rumfa, kowa ya juya ƙarfen a hannu ya girgiza kai. Kayan motocin Faransa suke da shi, su ma sun yi wuya a wannan shekarar da kowane kamiyo ke hanyar arewa da buhunan dawar taimako.

Baba Sumana, tsohon Bazabarme mai walda a rumfar da ke jikin garajin, ya ce a ba shi tsohon famfon ya ɗinke shi, ya yanko masa fikafikai daga ƙarfen tukunya. Sai dai aikin na son haƙuri. Issoufou kuwa ba shi da haƙurin bayarwa. A Abijan ya koyi sana'a, can ya taɓa ganin injin da famfon lantarki ke sanyayawa. Ya yi wa tsohon bayani: na bel bawan inji ne, in mota na gudu ya yi gudu, in ta tsaya a shingen soji cikin rana ya koma tafiyar hawainiya, a daidai lokacin da ake bukatarsa. Na lantarki kuwa babu ruwansa da gudun inji, har bayan an kashe mota yana iya ci gaba da zagaya ruwa.

"To, ɗan Abijan," in ji Baba Sumana. "Shi na bel, in inji ya mutu, tare suke mutuwa. Naka wa zai gaya masa an mutu?"

Issoufou ya yi dariya, ya ce Baba ya tsufa, walda ta cinye masa ido.

A Goudel ya samo famfon, wurin wani mai lambu da kogi ya janye ya bari da busasshiyar ƙorama. Ƙarami ne, na batir, wasu Turawan aikin taimako ne suka bar masa. Issoufou ya ɗaure shi ƙarƙashin radiyata, ya haɗa tiyo, ya ja waya kai tsaye daga batir, ya sa masa makunninsa daban a gefen sitiyari. Ya cika ruwa, ya murɗa kontak. Dorina ta yi tari, ta yi gurnani, kwanon rufin garajin ya ɗauki rawa. Allurar zafi ta hau tsakiya ta tsaya cak. Ya kashe inji ya bar famfon yana ɗan zuzarsa, sannan ya kashe shi ma. Ranar ya aika wa Raliya cewa ta kwantar da hankalinta.

Da safe ya buɗe radiyata ya tarar babu ko ɗigo.

Ya shiga ƙarƙashin motar. Ƙasa a bushe take, ƙurar ma ba ta dunƙule ba. Ya zaro sandar mai, man baƙi ƙirin, ruwa bai shige shi ba. Ya tada inji ya tsaya bayan salansa, babu farin hayaƙi. Duk da haka ya yi abin da kowane makaniken garin zai yi, ya fasa ɗanyen ƙwai cikin radiyata ya toshe ɓoyayyiyar kafa, da bai yi ba ya bi da garin barkono. Ya sake cikawa. Kafin la'asar ruwan ya tafi.

A rana ta gaba ne, ana kiran azahar, famfon ya kunna kansa. Garajin shiru, kasuwa ta lafa don zafi, makullin na aljihun Issoufou. Ya leƙa ta taga, makunnin na nan a kashe. Kuma ba zuzar jiya ba ce. Wani sauti ne mai tsayawa yana dawowa, ƙwat, ƙwat, kamar maƙogwaron mutumin da ya kafa kai a kwarya. Mai ga-ruwan da ke sauke garwa a lokacin ya saurara, ya juye ruwansa a tuku, duron garajin, ya fita bai tsaya sallama ba. Bai sake biyowa ta layin ba.

Baba Sumana ya ɗage gilashin waldarsa ya ce a cire abin nan. Issoufou ya ce waya ce ke taɓa jiki a wani wuri, zai gano ta. Ya bi wayar tun daga batir har famfo, lafiyarta ƙalau. Washegari da azahar abin ya sake tashi, ya shanye garwa guda, Issoufou na tsaye yana zubawa.

Tunda ruwan ba ya sauka ƙasa, ya ce to a cikin motar yake taruwa. Ya ɗaga shimfiɗun ƙafa, a bushe. Saura akwatin baya, wanda Kapiten bai ba da makullinsa ba. Issoufou ya kwance kujerar baya ya ture allon da ke bayanta.

Sanyi ne ya fara dukan fuskarsa, irin na cikin randa, a motar da ke tsaye ƙarƙashin kwano da tsakar rana. Ya haska tocila. Babu ruwa. Akwai bidon ɗin Hamidu, jarkar robar da ya ɗinke cikin buhu don ruwa ya yi sanyi. Kowa a garajin ya san bidon ɗin nan. Hamidu ba ya zuba wa Dorina ruwan da bai kurɓa ba, yakan ce abin da ba zai sha ba ba zai ba ta ba, kuma in sun yi tafiya sai ta ƙoshi kafin ya sha nasa. Bidon ɗin a bushe yake, babu murfi, an tattauna bakinsa har robar ta yi fari. An tsotse buhun ya zama zare. A cikin murfin akwatin, fentin ya kankare layi layi daidai inda hannun mutumin da ke kwance zai kai. Can lungu ga takalmi ƙafa ɗaya.

Issoufou ya zauna a inda kujerar take. Ya tuna abin da Kapiten ya faɗa da bakinsa: ta mace a hanyar Walam tana tururi, suka bar ta cikin rana. Mota mai tururi ruwa ake ba ta, ruwan da ke kusa kuwa shi ne na bidon. Sun juye mata, sun jefa bidon ɗin inda suka ɗauko shi, sun rufe da Hamidu a ciki.

Ya fito ya cire kan batir, ya ɗauke batir ɗin gaba ɗaya ya ajiye a bakin ƙofa. Ƙwat, ƙwat. Baba Sumana na tsaye, leɓunansa na motsi. Da ya gama addu'arsa ya ce, a hankali, mai fitar rai, iyalinsa ne ke ɗiga masa ruwa a baki, ba ruwan ga-ruwa ba.

Issoufou ya tari Raliya a hanyar bariki, kwano a kanta.

"Yaya, lafiya?"

"Koma gida ki ajiye tuwon. Ki ɗebo ruwan randarki a moɗa ki same ni garaji."

Ta dube shi, ta dubi takalmin da ke hannunsa. Ta juya ta nufi gida.

Da ta zo, ya ɗaga mata kapo, murfin inji, ya nuna mata bakin radiyata. Sautin na nan. Ta tsaya kamar za ta juya, sai ta kurɓi ruwan tukuna, yadda ta saba ganin mijinta na yi, sannan ta karkata moɗar. Ba ta kwarara ba, ɗigo ɗigo ta riƙa saki, tana kalmar shahada ƙasa ƙasa. Haɗiyar ta riƙa yin nisa da juna. Moɗar ba ta kai rabi ba abin ya tsaya. Suka jira. Kwanon rufi na ƙara don zafi, wani jaki na kuka wajen kasuwa. Issoufou ya zura hannu cikin akwatin baya, ya ji zafi irin na kowace mota.

A ranar ya kwance famfon lantarkin ya mayar wa mai lambu. Baba Sumana ya ɗinke tsohon, aka ɗaura bel. Ruwan ya zauna a radiyata bai ragu ba.

Kapiten ya zo ya zagaya Dorina, ya taka totur, gurnanin ya yi masa daɗi. Ya sa giya, sannan ya leƙo ta taga ya ce game da maganar nan, Issoufou ya zo bariki wani makon, za a duba.

"Ba sai na zo ba, mon kapiten," in ji Issoufou. "Na gan shi."

Kapiten ya cire tabarau. Ya waiwaya ya dubi kujerar baya, wadda aka mayar daidai yadda take. Ya ɗan jima a haka kafin ya ja motar, a hankali, ba irin tafiyar Dorina ba.

Liman ya yi wa Hamidu sallar gawa babu gawa, Raliya ta shiga takaba. Bayan ƴan kwanaki sojan bakin ƙofa ya tare wata maƙwabciyarta a hanya, ya tambaye ta ko matar nan mai tuwo ba ta da lafiya ne.