Lafiyayyen Baho

Akwati uku ne a takardar, kuma ɗaya aka ce Saudatu ta zaɓa ta tura kafin ƙarfe huɗu: repair, replacement, alteration. A wurinta duk gyara ne. A wurin kamfanin da ya ba su hayar gidan nan na unguwar Moss Side a ƙasar Turawa kuwa, biyun farko ba laifi, na ukun shi ne taɓa gini babu izini, kuma a kansa ana iya karɓe gida.

Ga yadda aka yi. Mijinta Abdulsalami ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ya iya ɗaga ƙafa ya shiga bahon wanka. Ta nemi taimakon hukuma, aka ce an zaftare kasafi, sai ta bi layin wata goma sha takwas. Sau biyu yana faɗuwa. Shi ne yayanta Musbahu, injiniya a Birmingham, ya zo wata Asabar ya cire bahon, ya sa shawa da ɗan dakalin alwala. Neman izini ko a mafarki bai zo musu ba. A Kano, in ɗan haya ya gyara gida, ai mai gida har ƙofa yake zuwa godiya.

Nan ba a gode ba. Catherine, jami'ar kamfanin, ta leƙa banɗakin, ta ajiye takardar, ta ce gobe za ta dawo da mai duba gini.

Saudatu ta kira Musbahu a waya. Yana bakin titi a unguwar Sparkbrook ta Birmingham, ƙarar motoci na cinye rabin maganarsa. Ya ce in tsohon abu ya lalace aka sa wani, replacement ke nan.

"Ki ce bahon ya tsage. Magana ta ƙare."

"Yaya, bai tsage ba. Yana nan a filin baya."

"Ban ce ki kira council, hukumar gari, su ɗauke ba?"

Ya faɗa, ita ce ta kasa. Wa ke zubar da lafiyayyen abu? Rufe shi ta yi da leda, wai za ta riƙa jiƙa barguna a ciki.

Huɗu saura kwata. Tsoron rasa gidan ya cika ta, ga kuma kunyar Abdulsalami, mutumin da ko a waya ba ya cewa ga shi nan a hanya in bai fito ba. Ta leƙa falo ta gan shi yana gyangyaɗi. Ta sa alama a akwati na biyu, ta ɗauki hoton takardar ta tura ta waya, ta ɗauki taɓarya ta fita.

Bugun farko ƙara kawai ya yi, bahon ko gezau. Ta ɗaga za ta ƙara sai ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a bayanta. Abdulsalami ne tsaye a bakin ƙofa, ya jingina da bango. Ya dubi taɓaryar, ya dubi bahon. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da ƙyar maganar ta fito ta gefen bakinsa.

"Ba nan ba, Maman Raki. Buga kusa da magudanar. Nan suke tsagewa."

Ta buga, bahon ya dare. Da ta waiwayo ya riga ya juya mata baya, yana share ido da hannunsa mai lafiya.