Geron da Bube Ya Sare

Shekarar da aka samu mulkin kai na bar makaranta a Tambuwal na koma Kebbe, don zaman benci ya ishe ni. Na tarar da wana Bube ba yadda na bar shi ba. Da rani ya yi dako a tashar Tambuwal, inda direbobi suka koya masa wata farar ƙwaya mai hana barci. In ya haɗiye ta sai ya yi aikin mutum uku, ba ci ba hutu. In ta sake shi sai ya kwanta kamar gawa, ya tashi yana zagin kowa, har Inna.

Na zubar masa da ita a rijiya, ya sayo wata. Na roƙe shi, ya ce ɗan boko ba zai koya masa noma ba.

Abu ɗaya ya rage da yake jin nauyinsa: Hadijatu, wadda yake nema. Da damina ta zauna, sai ya kira gayya zuwa gonar mahaifinta, Malam Attahiru, kamar yadda kowane mai neman aure ke yi. A ranar ne tsoho zai auna shi.

Da safe na ga muƙamuƙinsa na motsi ba komai a baki. Na san ya sha. Na ja Tambaya makaɗi gefe.

"Don Allah kar ka wasa Bube yau. Wasa kowa, ka ƙyale shi."

"Kai ɗan makaranta, mi kaka faɗi? In zo gayyar ango in wasa maƙwabcinai? Kai za ka ba ni goro?"

Aka jera, kowa da kunyarsa. Na kama wadda ke kusa da ta Bube. Tambaya ya saki ganga: "Bube na Inna, bajimin Kebbe, ƙasa na tsoron ka!" Bube ya yi kururuwa ya duƙa. Kafin samari su kai rabi ya kai ƙarshe ya juyo. 'Yan mata na guɗa.

Ni kaɗai na ga abin da hauyarsa ke yi. Ba ta raba ciyawa da gero. Duk taku kaɗan sai shuka ta faɗi, an sare ta daga gindi.

"Yaya, gero kaka sara!"

"Matsa, raggo!"

Sai na bar tawa kunyar na bi bayansa, ina kafa geron da ya sare a ƙasa, ina danna shi da ƙafa ya tsaya kamar mai rai. Samari suka fara yi mini tsiya. "Mahmuda, lissafi kaka yi ko noma?" Na haɗiye. Bayana kamar zai karye, shi kuwa yana can gaba yana rawa da hauya.

Da rana ta take aka kawo fura. Bube ya ƙi sha, yana zagaye yana surutu. Malam Attahiru ya fito duba aiki, sanda a hannu. Rana ta riga ta gama da ni: a kunyoyin Bube geron da na kafa duk ya langaɓe, na kowa kuwa a tsaye. Tsoho ya sunkuya ya ja ɗaya. Ya fito ba saiwa. Ya ja na biyu, na uku.

"Wa ya kafa wanga?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya sare?"

Tsoho ya ɗaga kai. Ya dubi Bube, wanda ke ba Tambaya labari, idanu jajir, sannan ya juyo gare ni.

"Yaro, gero ba ya kamawa haka. Kana so in ba shi ɗiyata, kai ko ka bi bayansu kana kafawa?"

Washegari aka dawo da kayan da muka kai gidansu Hadijatu. Inna ta karɓi ƙwaryar kayan ta ajiye a bakin ɗaki. Bube na kwance, ƙwayar ta sake shi. Da ya farka ya ga ƙwaryar a bakin ɗaki, sai ya ce in je in ba tsoho haƙuri, in ce zazzaɓi ne ya kama shi.

Na ɗauki hauyata na nufi gonarmu.

"Kai nika ma magana, Mahmuda!"

"Na ji, Yaya. Tafi da kanka."