Baƙon da Ba Shi da Fatoma

Yahuza ya sauka a Wudil ranar Alhamis bayan la'asar, da jakar fata a rataye da sanda a hannu, ƙafafunsa sun kumbura saboda zaman mota tun daga Gure ta ƙasar Nijar. Saniya ya biyo. Wata uku da suka wuce ɓarayi suka kore garken gidansu, shanu goma sha ɗaya. Goma ɗin ya bar wa Allah, amma ta sha ɗayan ta hana shi sakat. Kyalla sunanta, ita kaɗai ta rage a jinin shanun da mahaifinsa ya mutu ya bari. Ja ce mai farin tabo a haƙarƙari, kuma ƙahonta na hagu ya lanƙwaso ƙasa yana neman kuncinta, duk shekara sai an kayar da ita an rage bakinsa da zarto. Wani direban babbar mota ne ya rantse masa ya ga mai irin wannan ƙahon an nufi kasuwar Wudil da ita.

Baƙon kasuwar shanu yana da inda yake sauka. Akwai fatoma, wato mai saukar fatake. A zaurensa kake kwana, tuwonsa kake ci, shi ke shige maka gaba a kara, wato filin cinikin shanu, in magana ta taso shi ne bakinka. Mahaifin Yahuza ya shekara talatin yana sauka gidan Alhaji Maikano a Sabon Gari. Yahuza ya san da haka sarai. Sai dai ya yi tunani a mota, ya ga in ya sauka a zauren fatoma, kafin a kai tuwo kowa ya ji wani mutumin Gure yana cigiyar saniya, a ɓoye ta. Kuma, a faɗi gaskiya, bai taɓa kwana a otel ba, ya daɗe yana son ya ga abin da ke ciki.

Otel ɗin da ɗan acaɓa ya kai shi sunansa Tsamiya Biyu, ko da yake ba tsamiya ko ɗaya a wurin. Bene ne mai hawa ɗaya, ba na manya ba, ba kuma na talaka tilis ba. A bayan teburin karɓar baƙi agogon bango huɗu ne a jere, an rubuta sunan wani birni a ƙarƙashin kowanne, dukansu a tsaye cik. A tsakar gida akwai wani ƙaton kunkuru da aka rubuta wa sunan otel ɗin da farin fenti a bayansa, yana zagaye famfo a hankali kamar shi ma albashi ake biyansa. Manajan, Abdulbaƙi, siririn mutum ne mai sa kwat cikin zafi. Ya juya katin shaidar Yahuza gaba da baya, ya ce, "Mutanen Faransa ne ashe. Sannu da hanya." Ya miƙa masa mukullin ɗaki mai lamba tara a sama.

Yahuza ya daɗe yana zagaye ɗakin. Ya murɗa famfon banɗaki ya kashe, ya sake murɗawa. Ya buɗe ɗan ƙaramin firijin ya tarar ba komai sai hula guda da wani baƙo ya manta, ta yi sanyi ƙalau. Yana riƙe da hular aka ƙwanƙwasa. Barakatu ce, dattijuwar da ke dafa wa baƙi abinci, da shinkafa da miyar kifin kogi.

Ta ajiye tiren ta dube shi, ta dubi sandarsa. "Ɗan nan, kai ba ka yi kama da masu kwana a nan ba. Kasuwa ka zo?"

"Kasuwa na zo, Iya."

"To ina fatomanka?"

"Babana dai gidan Alhaji Maikano yake sauka. Ni ban je ba."

"Maikano yana nan da ransa, sai ido da ya yi rauni. Ka je ka gaishe shi mana."

"In na gama abin da ya kawo ni."

Ta taɓe baki, ta ce ya ajiye kwanon a bakin ƙofa in ya gama.

Da safe ya shiga kara. Shanu ne iya ganinka, farare da jajaye, ƙahoni kamar an shuka su, ga tireloli a jere ana loda na kudu. Ya bi layi-layi yana leƙa kunci, har rana ta kusa kaiwa tsaka. Can kusa da inda ake lodi ya hango ta, ɗaure a turke. Ta rame. An sake yanka kunnenta don a ɓata shaidar gidansu, kuma ƙahon ya riga ya taɓa fata, ƙudaje sun taru a wurin. Wani dillali ƙaƙƙarfa mai jan hula yana tsaye kanta, ana ce masa Ɗantani. Daga nesa kaɗan wani mutum mai shuɗin rawani yana zaune kan buhu, shi ya kawo ta.

Abin da ake yi a irin wannan sananne ne. Ka yi kamar ba ka gani ba, ka je ka faɗa wa fatomanka, shi ya kai wa shugabannin kara, a riƙe saniya da mai ita, a zauna. Yahuza ba shi da wanda zai faɗa wa. Bai ma yi niyyar komai ba, bakinsa ne ya yi ɗan sautin nan da yake kiranta da shi in zai ba ta kanwa. Kyalla ta ɗaga kai. Ta fizga sau ɗaya, sau biyu, turken ya tumɓuke, ta taho tana jan sa, ta cusa hancinta a ƙirjinsa. Ya sunkuya ya kwance igiyar daga turken ya naɗe a hannu, ya juya.

Ɗantani ya sha gabansa. "Malam, ina zuwa da saniyar mutane?"

"Tawa ce. Sace ta aka yi."

"To, madalla. Waye fatomanka, a kira shi?"

Yahuza ya ƙara damƙe igiyar.

"A ina ka sauka?"

"A otel."

Waɗanda suka fara taruwa suka yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. A shekarun nan mutane sun gaji da satar shanu, kusan kowa a wurin an taɓa kore masa ko an kore wa ɗan'uwansa. Ga baƙo da harshen wata ƙasa, ba mai shaidarsa, yana kiran dabba da baki ta bi shi. Wani daga baya ya ce irin su ne masu asirin nan. Wani ya ce ɓarawo, ba da ƙarfi ba ma, amma kalmar ta zagaye wurin.

Sandar farko a kafaɗa ta same shi. Ya juya ya rama da tasa, ya sami wani mahauci a baki, haƙora biyu suka faɗo cikin kashin shanu. Daga nan ba sauran magana. Mutum uku suka kama igiyar suka fizge, ta zare daga hannunsa ta tafi da fatar tafin. Wani ya kai masa sara da adda, ta tsaga jakar ta yanki gefen cikinsa. Ya ture na gabansa ya ruga, ta tsakanin tireloli, ta cikin masu sayar da igiya, ta wani lungu mai kwata. Wuri ɗaya ya sani a garin, can ya nufa.

Bilya maigadin otel ɗin ya gan shi da jini, ya bar shi ya shige, ya ja ƙyauren ƙarfe ya sa sakata. Yahuza ya hau sama ya kulle ɗakinsa ya jingina da ƙofa. Ta taga ya ga titi ya cika. Duwatsu suka fara sauka, gilashin ɗakunan gaba yana zubewa. Wani matashi ya hau katanga da jarkar fetur, wani yana gangaro tsohuwar taya.

Aka ƙwanƙwasa. Muryar Abdulbaƙi ce. "Malam Yahuza, ka fito ka yi musu bayani."

"Manaja, kashe ni za su yi. Ni baƙonka ne. Ka ce musu a kira manyan kara, saniyar tana can, kada a bari a tafi da ita."

"Ni ɗaki na ba ka, Malam. Ban san ka ba, ban san saniyarka ba. Sun ce za su ƙone ginin, kuma ba nawa ba ne."

Yahuza ya ji an zura wani mukulli ta waje. Bai taɓa sanin ɗakin otel yana da mukulli biyu ba.

Ta ƙafa suka ja shi, kansa yana bugun matakala ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. A tsakar gida suka yi masa zobe. Mahaucin da ya rasa haƙora shi ya fara, da dunduniya a fuska, har idon hagu ya rufe. Wani ya ɗaga bulo ya sake masa a gwiwa, aka ji ƙarar ƙashi. Ya sa hannu ya kare kansa, suka karya hannun da gora. Tun yana cewa a je a duba kunnen saniyar har bakin ya cika da jini, maganar ta daina fita. Suka zaunar da shi suka zura masa tayar a wuya. Fetur ya zubo masa ta ka, ya shiga raunukan, yana da sanyi da farko. Aka shiga neman ashana, kowa yana laluben aljihu.

Sai ga babur ya kutso ta ƙofa yana hon. Barakatu ce a baya-baya, mayafinta a hannu, a tsakiya kuma wani tsoho mai farin gemu. Tun jifan farko ta fice ta ƙofar kicin ta nufi Sabon Gari. Aka sauko da tsohon, mutane suka ɗan buɗa, don ba dillalin da bai taɓa zama a zaurensa ba.

Alhaji Maikano ya lalubo da sandarsa har ta taɓa taya. Ya sunkuya kusa da fuskar. "Kai ɗan waye?"

Da ƙyar Yahuza ya ce, "Nu'uman. Na Gure."

Ɗantani ya ce, "Baba, baƙonka ne? Saniya ya kwance a hannuna a kara."

"Bai sauka gidana ba. Ban taɓa ganinsa ba, ba zan yi muku ƙarya ba." Mai jarkar ya matso. Tsohon ya dafa tayar da hannu biyu, fetur ya jiƙa masa hannun riga. "Amma ubansa ya shekara talatin yana shigo da shanu garin nan, ba a taɓa kama ko ɗan maraƙi na wani a cikin nasa ba. Daga yanzu baƙona ne. In ɓarawo ne, kun san zaurena, ku je ku ƙone shi. Ɗantani, kai kuma wa ya ba ka saniyar?"

"Wani mai shuɗin rawani."

"Shi waye fatomansa?"

Ɗantani ya ce, "Ban sani ba, Baba."

"Shi ba ka tambaye shi ba ke nan. To je ka zo mini da shi, da saniyar. Ku cire wa yaron nan abin nan."

Bilya ne ya cire tayar. Ana cikin haka aka kira sallar Juma'a. Mutanen suka dubi juna, suka dubi tufafinsu. Ɗaya bayan ɗaya suka bi layi a famfon otel ɗin, suna wanke jini daga hannu da ƙafa, wasu har da alwala, suka fice ba mai kallon wani. Barakatu ta kawo ruwa a bokiti tana zuba wa Yahuza a ka don fetur ɗin ya fita daga idonsa mai gani. Abdulbaƙi ya sauko masa da takalmansa ya ajiye a gefe, ya koma ciki.

Ɗantani bai daɗe ba ya dawo, shi kaɗai, hular a hannu. Ya tsuguna gaban tsohon.

"Baba, ba ta nan. Da muka biyo wannan, duk masu tsaron wurin sun biyo mu. Mutumin ya sayar wa masu lodi a tsaye, an jefa ta tirela. Motar ta tashi tun ɗazu. Shi ma ba a gan shi ba."

Yahuza ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta lanƙwashe inda ba gaɓa, ya koma ƙasa. Ya kama gefen rigar Maikano da hannunsa mai lafiya. "Baba, wace motar? Ina ta nufa?"

"Kudu."

"Wane gari?"

"Tirela nawa ke tashi daga nan ran Juma'a, ɗana? Kafin mu gano wacce, an sauke ta a mayanka." Tsohon ya goge hannunsa a riga. "Da ka zo mini jiya, da tun sanyin safiya na sa an ɗaure ta a ƙofar gidana, ba wanda zai ji."

Yahuza ya saki rigar.

Aka tsayar da Keke Napep a bakin ƙofa. Bilya da Ɗantani suka ɗauke shi, ɗaya ta kafaɗa ɗaya ta ƙugu, suka kwantar da shi a kujerar baya, karyayyiyar ƙafar tana reto a waje har sai da Barakatu ta tallafe ta ta tura ciki. Maikano ya shiga gaba ya raɓa kusa da direban, ya ce masa asibiti, kuma ya bi a hankali wajen ramukan nan na bakin titi.